Tsakuwa ta Bakwai

A ƙasar Ruma, shekara hamsin da ɗoriya bayan jihadi, zamanin da mutum ba ya tashi daga Wagini zuwa Batsari sai da kwari da baka a kafaɗa saboda maharan Maraɗi, an yi wani mutum ana ce masa Barau. Sana'arsa tufkar igiya, yana kuma noma abin da zai ci shekara, amma ba da waɗannan aka san shi ba. Da dara aka san shi. Ka tona gidaje talatin a ƙasa, ka ba shi tsakuwa goma sha biyu, ka zauna gabansa da karanka goma sha biyu, to ka gama yawo. Kafin ka gyara zama ya jera uku ya ɗauke maka ɗa, kafin ka gane ta inda aka biyo ya sake jera wasu.

Mutanen Wagini kuwa, Allah ya shirye su, suna son a ce gwanin ƙasar nasu ne, amma ba sa son zama gabansa. In baƙo ya zo sai a nuna masa Barau daga nesa, kamar yadda ake nuna tsohuwar kukar bakin gari, a ce ga shi can. In ya doso dandalin da samari ke tasu darar bayan la'asar, sai hira ta mutu, kowa ya gaishe shi da ladabi, wannan ya tuna bai ɗaure jakinsa ba, wancan ya ce ana kiransa a gida. Shekara goma sha biyar rabon da wani ɗan garin ya tona gida da shi. Liman ma ya taɓa gaya masa a gaban mutane cewa dattijo da furfura bai kamata a same shi yana wasan ƙasa ba. Matarsa ta rasu da jimawa, 'yarsa ɗaya tana aure a Ruma, sai yayarsa Kulu da ke tuƙa masa tuwo, ita kuma kunnenta ya yi nauyi, magana da ita sai an ɗaga murya, Barau kuwa ba mai ɗaga murya ba ne. Yakan wuni ya tufka igiya gaba talatin bai ce da kowa komai ba in ban da amsa sallama. Kuma abin yana cinsa ƙwarai, kada wani ya ce maka ya saba.

Mutum ɗaya ne a duniya ke zama gabansa, wani Bafillace dogo siriri mai suna Yero. Da an kwashe amfani, Yero zai fito daga dajin Rugu da garkensa ya sauka a gonar Barau, shanu su ci kara su bar taki. Wata huɗu na rani, kullum da hantsi, bayan an tatsi nono an kora shanu, su biyu za su zauna a ƙarƙashin gawon da ke tsakiyar gonar. Barau da fararen tsakuwoyinsa da ya tsinto a rafi, Yero da guntayen karan dawa da ya fere da wuƙa. Ba sa hira. In ka tara maganar da suka yi a shekara goma sha tara ba za ta cika wuni guda ba. Barau bai san sunan matar Yero ba, Yero bai taɓa shiga zauren Barau ba. Amma Barau yakan gane Yero na cikin ɓacin rai daga yadda yake dasa kara, Yero kuma ya san an yi wa Barau rasuwa tun kafin a gaya masa, don ya ga hannunsa ya karkace a wasa. Wannan wata huɗun shi ne shekarar Barau, sauran takwas ɗin jira ne kawai.

To, 'yan darar ƙasar suna da taro sau ɗaya a shekara bayan kaka, bana a Batsari, baɗi a Safana. Taron yana da tsari, ba kowa ke zama inda ya ga dama ba. Sababbin hannu a rana suke wasa, ana ce musu 'yan rana. Wanda ya gagari 'yan rana shekara biyu sai a matsar da shi cikin inuwar tsamiya. A jikin saiwar tsamiyar kuwa mutum biyu kaɗai ke zama, mai riƙe da saiwa da wanda ya isa ya kara da shi, kuma shekara goma sha tara ba a ga wata fuska a wurin ba sai ta Barau da ta Yero. Wannan ya ci bana, wancan ya ƙwace baɗi, wani lokacin mutum ya riƙe shekara biyu, amma ba a taɓa kaiwa uku ba.

Ukun nan ita ce maganar. Akwai wata al'ada da aka gada tun kafin jihadi: wanda mutum ɗaya ya cinye shekara uku a jere a saiwa ya zama ɗansa a dara. Za a karya 'ya'yan wasansa a gaban jama'a, ya durƙusa ya ce da wanda ya ci shi Baba, daga ranar kuma ba zai sake zama gabansa ba, a taro ne, a gona ne, ko a bayan ɗaki. An yi dokar don kada tsofaffi biyu su toshe saiwa, matasa su yi furfura a inuwa. Doka ce mai kyau, ban ce ba ta da kyau ba, amma waɗanda suka yi ta ba su san za a haifi Barau ba.

Shekara biyu a jere Barau ya ci. A ta biyun ma ba a sha wahala ba, don ciwon huhu ya shiga garken Yero ya kwashe fiye da rabi, ya zo taro jikinsa a nan hankalinsa a daji. Ranin da ya biyo baya, a ƙarƙashin gawo, in an yi wasa goma da ƙyar Yero yake samun biyu. Barau ya duba ya duba, ya yanke a ransa cewa abokinsa ya ƙare, tsufa da asara sun haɗu sun cinye shi. Ranar da hadari ya fara haɗuwa Yero ya kora sauran shanunsa ya koma Rugu, Barau ya tsaya a gona yana kallon bayansa, tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da mahara suka kwana a bayan ganuwa. In ya sake ci a kaka mai zuwa, shi ke nan, ba shi da kowa.

Sai ya ƙudura zai faɗi da gangan.

Duk wanda ya san dara ya san a zubi ake cinta. Kafin a fara tafiya, kowa zai riƙa ajiye ɗa ɗaya ɗaya, na ajiye ka ajiye, har sha biyun su ƙare, kuma ba a yarda a jera uku a lokacin ba. Barau yana da zubinsa, har ana ce masa zubin Wagini, yaran da ba su taɓa ganinsa ba ma sun haddace shi. Tsakuwa huɗu na farko ya kama tsakiya, ta biyar da ta shida ya buɗe su gefe da gefe, ta bakwai kuwa ita ce makullin, yakan ajiye ta a layi na biyu, gida na uku daga dama, ta toshe wurin da abokin wasa zai kafa doki. Doki shi ne mutum ya samu ɗa guda wanda in ya matsa gaba ya cika uku, in ya dawo baya ya cika wasu ukun, kowace tafiya da ci. Wanda aka kafa wa doki sai dai ya tashi ya kaɗe riga.

Faɗuwa da gangan ba ta da sauƙi ga mutum irin Barau. In ya yi ɓarna babba kowa zai gani. Damina guda ya yi a bakin zaure, ruwa na zuba, yana tona gidaje yana sharewa, yana neman kuskuren da idon jama'a ba zai kama ba. A ƙarshe ya samu. Zai yi zubinsa yadda ya saba har tsakuwa ta shida, ta bakwai sai ya gusar da ita gida ɗaya kacal zuwa hagu. Daga nesa ba bambanci, amma ƙofar doki za ta buɗe, Yero ya shiga ya ci, lissafin shekaru ya koma farko.

Da yana da wanda zai yi shawara da shi, ko mai tallan goro ne, da an ce masa kul. Mutum irin Yero, wanda fulako, kunyar nan ta Fulani, zai hana shi buɗe akushi a gidan surukai ko yunwa za ta kashe shi, shi za ka miƙa wa sadaka a gaban mutum ɗari uku? Amma wa Barau zai gaya wa? Ya taɓa fara yi wa Kulu bayani, ta kalli bakinsa, ta gyaɗa kai, ta ci gaba da tankaɗe.

Taron shekarar a Safana ya faɗa. Yero ya aiko cewa ciyawa ba ta ƙare a daji ba, ba zai sauka gona da wuri ba, sai sun haɗu a can. Barau ya bi ayarin fatake daga Batsari, shi da wasu 'yan Wagini kamar ashirin da suka taso musamman don su ga an karya karan Bafillace. Tun daga ƙofar gari suke yi masa kirari, mutanen da ko ɗaya bai taɓa leƙo shi da damina ya ce yaya ruwa ba. Shi dai yana can baya wajen jakuna, jakar tsakuwoyinsa a rataye a wuya.

Ya sami Yero a bakin rijiyar Safana yana ba wata saniya ruwa. Ya ƙara ramewa, amma idonsa na wani irin ƙyalli, Barau ya ɗauka zazzaɓi ne. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, gida, iyali, shanu, damina, gajiyar hanya, aka koma aka sake. Daga nan magana ta ƙare kamar kullum, suka tsaya suna kallon saniyar tana sha. Barau ya lura Yero ya fere sababbin kara, an goge su sumul, har ya ji tausayi ya ƙara kama shi.

Kwana biyu 'yan rana da 'yan inuwa suka yi suna fafatawa. Rana ta uku bayan azahar aka share gindin tsamiya, aka yayyafa ruwa. Daudu, tsohon maƙerin Safana wanda ya riƙe saiwa kafin su, shi ne alƙalin wasa, shi ya tona gidajen da kansa, layi biyar, gida shida shida. Ya tuna wa jama'a cewa wasa ɗaya ne, kuma wannan ce shekara ta uku, kowa ya san abin da ke biye da ita. Mutane suka yi da'ira, na baya suna ɗage, yara a kan rassa. Mai riƙe da saiwa shi ke fara ajiyewa.

Barau ya ajiye ta farko a tsakiya. Yero ya dasa kara nan take. Ta biyu, ta uku, ta huɗu, Yero na amsawa ba jinkiri, kamar mai bin hanyar rugarsu. Ta biyar, ta shida. 'Yan Wagini har suna faɗin gidan tun kafin tsakuwa ta sauka. Barau ya ɗauki ta bakwai, ya ɗan juya ta a hannu, ya ajiye ta gida ɗaya zuwa hagu.

Ba wanda ya lura. 'Yan Wagini suka yi ta gyaɗa kai, Daudu ma bai ɗaga gira ba. Hannun Yero kuwa ya riga ya taso da kara, ya nufi wani gida, sai ya tsaya cak a sama. Ya daɗe a haka. Sannan ya janye hannun a hankali ya ɗora a gwiwa, ya ɗago kai ya dubi Barau. Shekara goma sha tara bai taɓa duban fuskarsa ana cikin wasa ba. Barau ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa, a ransa yana roƙo, shiga mana, ga ƙofa a buɗe, shiga don Allah.

Yero ya kai karansa can ƙuryar fili, gidan da ko ɗan rana ba zai ɓata ɗa a cikinsa ba, ya dasa.

Jama'a suka yi guna-guni. Wani daga baya ya ce tsohon ya rikice. Barau ya ce a ransa wataƙila Yero bai gani ba ne, bari a ƙara buɗe masa. Ya ajiye ta takwas a sakace, ta tara ma haka, har wasu 'yan inuwa suka fara duban juna. Yero bai ko kalli ƙofar ba. Yana ta dasa karansa nan da can, wurare marasa kan gado, yanzu kuma yana daɗewa kafin kowane ɗaya, gumi na tsattsafo masa a goshi. Barau ya rasa gane abin da yake yi, abin da bai taɓa faruwa da shi a kan dara ba.

Sai da sha biyun suka ƙare ya gane. Gida shida ne suka rage babu kowa, kuma shi ne zai fara tafiya. Ya duba tsakuwarsa ta farko, a toshe. Ta biyu, a toshe. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, duk Yero ya kewaye su da kara, ya bar masa tafiya guda ɗaya tak, kuma tafiyar nan in ya yi ta uku za su jeru. In ya dawo da tsakuwar baya wasu ukun za su jeru. Da kara shida Yero ya gina masa doki, da tsakuwoyin Barau ɗin kansa, ya ɗaure masa sirdi, ya toshe duk wata hanya da zai bi ya kauce. Barau ya shekara arba'in yana dara bai taɓa ganin aiki irin wannan ba, bai ma san ana iya yinsa ba. Wannan ne mutumin da ya ce ya ƙare.

Daudu ya ce a yi tafiya. Barau ya matsa tsakuwar, uku suka jeru, 'yan Wagini suka ɓarke da sowa. Ya ɗauke karan da ya fi rashin amfani. Yero ya matsa wani kara can gefe. Yanzu wasu gidaje sun buɗe, Barau zai iya barin dokin ya yi wata tafiyar banza. Amma kowa ya ga dokin, har yaran da ke kan reshe suna nuna shi. In ya ƙi hawa, ya shelanta wa mutum ɗari uku ke nan cewa tausayin Yero yake ji, abin da zuwa yanzu su biyu kaɗai suka sani. Wannan kam ba zai yi masa ba. Ya hau. Gaba, ya ɗauke kara. Baya, ya ɗauke kara. Kowane kara da ya tsinta kamar yana cire shi daga jikinsa. Yero na zaune ƙyam, yana ba shi amsa a nitse, har ya zama saura kara biyu a fili.

Daudu ya miƙa hannu zai tattara karan ya karya, Yero ya ce a bar masa. Ya haɗa sha biyun, ya ɗora a gwiwa ya karya su da kansa, ya ajiye gutsattsarin a gaban alƙali. Sannan ya gyara rigarsa, ya durƙusa gaban Barau, dogon mutumin nan da ya girme shi da shekara biyu.

"Baba, na gaishe ka," in ji shi.

Al'ada ta ce a amsa da Allah ya yi maka albarka. Barau ya faɗa, amma ko Daudu da ke kusa da shi bai ji ba.

Makaɗa suka saki ganga, aka yo kan Barau, wannan ya kama hannu wancan ya kama riga. Da ƙyar ya zame ya bi ta bayan rumfunan kasuwa. Ya cim ma Yero a ƙofar yamma, ya rataya sanda a kafaɗa, saniyarsa na gaba. Barau ya sha gabansa. Abin da ya iya cewa kawai shi ne bai yi don raini ba, tsoro ya ji.

Yero ya ce ya sani. Ya dubi hanya, sannan ya yi maganar da ta fi kowace tsawo a zamansu.

"Tun ranar da na bar gonarka nake kiwon tsakuwarka ta bakwai. Damina guda, ina bayan shanu ina tona ƙasa da sanda. Na samo amsarta ana saura kwana tara a yanke gero. Da ita na zo. Ba ka ajiye ta ba."

 Barau ya dafa ginin ƙofar.

"Nuna mini gidan, Yero. Ba wasa za mu yi ba, nuni kawai. In gani da idona."

Yero ya dubi ƙasa. Babban yatsan ƙafarsa ya motsa a cikin rairayi, har ya fara dannawa kamar zai tona gida, Barau ya zuba masa ido. Sai Yero ya shafe wurin da tafin ƙafa.

"A yi haƙuri, Baba. Shanu na jira."

Ya ce bana Zamfara za su yi rani, an ce akwai ruwa a can. Ya yi sallama yadda ɗa ke yi wa uba, da ɗan rusunawa, ya kora saniyarsa ya fita.

'Yan Wagini suka zo suka sami Barau a tsaye a wurin, suka ce ana ta nemansa, za a ba shi rago da riga. Suka tasa shi gaba suka mayar da shi gindin tsamiya, aka zaunar da shi a jikin saiwa, an riga an share gidajen. Daudu ya miƙe ya yi shela kamar yadda aka saba, cewa gefe ɗaya na saiwa ya zama babu kowa, duk ɗan inuwar da ya ga ya isa ya zauna gaban Barau baɗi a Batsari ya tashi a gan shi. 'Yan inuwa suka sunkuyar da kai, wani na gyaran hula, wani na duban takalminsa. Daudu ya maimaita har sau uku, babu wanda ya tashi.